Maganin tarin fuka da lafiyar jini: tambayoyin da masu jinya da 'yan uwansu suka fi yi

Ga mafi yawan mutane, maganin tarin fuka na wata 6 ne. Wata 2 na farko ana shan haɗin magani huɗu, wato rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol, sannan a yi wata 4 a kan biyun farko kaɗai. A Najeriya kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin DOTS, wato wuraren da ake ba da maganin tarin fuka ana sa ido kan shan sa. Wata shida tafiya ce mai nisa, kuma a cikinta jiki yakan nuna abubuwa masu tayar da hankali. Wasu daga cutar suke, wasu daga maganin, wasu kuma ba komai ba ne. Wanda bai iya bambance su ba yakan bar magani a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko kuma ya ci gaba da haɗiya alhali jikinsa na nuna masa alamar haɗari. Duka biyun suna iya kai mutum kabari, shi ya sa muka tattaro waɗannan tambayoyi.

An ce jinina ya yi ƙasa. Maganin ne yake shanye min jini?

Sau da yawa ba shi ba ne. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga masu tarin fuka tun kafin su haɗiyi ƙwaya ko ɗaya. Ana cewa jini ya yi ƙasa idan haimogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, bai kai giram 13 a desilita ba ga namiji, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai juna biyu. Idan PCV, wani ma'aunin yawan jini, aka rubuta maka a takardar gwaji, shi kusan ninki uku ne na wannan adadi.

Ga abin da ke faruwa. Idan cuta ta daɗe a jiki, hanta tana ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin. Aikinsa shi ne ya hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, ya kuma kulle wanda yake cikin jiki a ma'ajiyarsa. Jiki yana yin haka ne don ya hana ƙwayar cutar samun ƙarfen da ita ma take buƙata. Sai lamarin ya zama kamar gidan da rumbu yake cike da hatsi amma an sa masa kwaɗo: abinci na nan, tukunya ba ta gan shi ba. Ɓargo, wanda shi ne masaƙar jini, ya rasa kayan aiki. Ga kuma rashin cin abinci da ramar da cutar ke jawowa.

Maganin irin wannan ƙarancin jini shi ne maganin tarin kansa. Da zarar cutar ta fara lafawa, hefsidin ya sauka, jini yakan fara hawa a cikin watannin farko. Abin da ya kamata ya tayar wa mutum hankali shi ne jinin da yake ta ƙara yin ƙasa bayan an yi makonni ana shan magani, ko wanda ya faɗi kwatsam cikin 'yan kwanaki.

To in sayi maganin ƙarin jini a kemis?

Kada ka saya sai an gwada an san irin ƙarancin da kake da shi. Idan ƙarfen a kulle yake, ƙwayar da za ka sha ba za ta shige hanji yadda ya kamata ba, sai dai ta ƙara maka tashin zuciya da taurin bayan gida a kan wanda maganin tarin yake sa ka. Idan kuwa gwaji ya nuna ƙarfen ne babu, likita zai rubuta maka, kuma a nan yana da amfani sosai.

A yankinmu akwai wasu masu satar jini da ya kamata a bincika tare: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, gyambon ciki mai zubar da jini, da yawan jinin al'ada ga mata. Mutum yana iya samun tarin fuka da ɗaya daga cikinsu a lokaci guda.

Batun lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mara lafiya kuwa, yana ba da ƙarfin jiki amma ba ya ƙara jini, domin madara ba ta da ƙarfen a zo a gani. Kuɗin ya fi amfani idan aka sayi hanta, nama, kifi, wake, zogale ko alayyafo, a haɗa da lemo ko gwaiba. Shayi kuma a bar shi sai an ɗan jima da cin abinci, saboda yana rage tsotse ƙarfe.

Fitsarina ya koma ja tun ranar farko. Jini ne?

Launin rifamfisin ne. Yana rina fitsari, gumi, hawaye, har majina, su koma ja-ja mai ruwan goro. Ba shi da illa, kuma yana ɓacewa idan an gama magani. Ma'aikatan lafiya ma sukan ɗauke shi shaidar cewa mutum yana sha.

Amma a lura da bambanci. Launin magani ya fi ƙarfi 'yan sa'o'i bayan an sha, sannan ya riƙa dusashewa, fitsarin kuma garai yake. Fitsarin da ya yi duhu kamar baƙin shayi, ya wuni a haka, tare da zazzaɓi, ciwon baya, kasala ko idanu rawaya, wannan wani abu ne daban: ko hanta ta taɓu, ko jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa. Haka nan idan fitsarin ya ragu ƙwarai. A tafi asibiti a ranar. Jinin da ke ɗigowa a ƙarshen fitsari kuma ya fi kama da tsargiya, ita ma a gwada.

Na fara haɓo, dasashina yana jini, ga wasu ɗige-ɗige a ƙafata. Mene ne wannan?

Wannan ita ce tambayar da muke so kowane mai shan rifamfisin, da wanda yake jinyarsa, su haddace amsarta.

A cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi masu toshe kafa idan jijiya ta fashe, waɗanda ake kira filatilet. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita. A jikin wasu mutane 'yan kaɗan, garkuwar jiki tana ƙera makami a kan rifamfisin, kuma idan maganin ya shiga jini sai makamin ya faɗa wa waɗannan ƙwayoyi ya ragargaza su. Abin yana da sauri: adadin zai iya faɗuwa warwas cikin sa'o'i kaɗan bayan haɗiye ƙwaya.

Alamominsa su ne haɓon da ba ya tsayawa da wuri, jini a dasashi ko a bakin asuwaki, ɗige-ɗige ja ko baƙi-baƙi a ƙwauri waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna su, kwanciyar jini a fata ba tare da an bugu ba, jinin al'ada da ya wuce kima, ko bayan gida baƙi ƙirin ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini. A baƙar fata ɗige-ɗigen suna da wuyar gani, don haka a duba cikin baki, ƙarƙashin harshe, da cikin fatar ido ta ƙasa, a wuri mai haske.

Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a sha ƙwayar gaba. A ɗauki katin magani da ragowar ƙwayoyin a tafi asibiti nan take, ko da dare ne, a nemi a ƙirga jini. Abin da ake gudu shi ne jini ya ɓalle a cikin ƙwaƙwalwa. Ciwon kai mai tsanani, ruɗewa, ko mutuwar ɓarin jiki tare da waɗannan alamomi ba ya jiran wayewar gari.

Idan an tabbatar rifamfisin ne, filatilet sukan dawo cikin kwanaki bayan an janye shi. Amma daga ranar mutum ya yi sallama da wannan magani har abada. Ba a sake gwada shi ko da ɗan kaɗan. A rubuta a katinsa, shi ma ya riƙa faɗa duk asibitin da ya je. Za a haɗa masa wani tsarin maganin tarin wanda babu rifamfisin a ciki, yawanci mai tsawo fiye da wata 6, kuma ana warkewa da shi.

Idan haka ne, ba gara in riƙa hutawa kwana biyu-biyu don jikina ya sarara ba?

Wannan dabarar ita ce take kiran matsalar. Likitoci sun daɗe da lura cewa faɗuwar filatilet, fashewar jajayen ƙwayoyin jini, tsayawar ƙoda, da zazzaɓi mai rawar sanyi da ke zuwa sa'o'i kaɗan bayan shan ƙwaya, duk sun fi samun waɗanda suke shan rifamfisin a tsallake, ko waɗanda suka bari suka dawo. A lokacin hutun ne garkuwar jiki take tara makamanta, ƙwayar da ta biyo baya ta tarar da su a shirye. Mai sha kullum ba fashi ya fi tsira daga wannan.

Ga kuma babbar asara ta biyu: tsallake magani yana koya wa ƙwayar cutar jure shi, a wayi gari da tarin da ba ya jin magani.

Wanda ya riga ya yi fashi na kwanaki, ko ya taɓa shan maganin tari a shekarun baya, ya faɗa wa ma'aikacin DOTS gaskiya kafin ya ci gaba. Faɗan da za a yi masa bai kai haɗarin ɓoyewa ba.

Ina tari da jini. Shi ma daga maganin ne?

Yawanci daga raunin da cutar ta yi wa huhu ne. Ɗan zare-zaren jini a majina yakan ragu idan magani ya kama, amma a sanar da ma'aikacin lafiya. Jini mai yawa, kamar rabin kofin shayi ko fiye, ko wanda ya zo tare da haɓo da jinin dasashi, na gaggawa ne.

Tafin ƙafata yana zugi da raɗaɗi, wani lokaci ya mutu. An ba ni wata 'yar ƙwaya an ce bitamin B6 ce. Mene ne haɗinta da jini?

Isoniyazid yana rage wa jiki bitamin B6. Jijiyoyi suna buƙatarta, shi ya sa ƙafa take fara kokawa, yawanci daga yatsu ya yo sama, a ƙafa biyun gaba ɗaya. Ɓargo ma yana buƙatarta wajen saka ƙarfe a cikin haimogulobin. Idan ta yi ƙaranci sai ƙarfen ya taru a cikin ƙwayoyin jinin da ba su nuna ba, mutum ya samu ƙarancin jini alhali ƙarfe ya yi masa yawa. Irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, amma idan ya faru ƙwayar ƙarfe ƙara ɓata shi take yi, B6 ce take gyara shi.

Ana ba da miligiram 10 zuwa 25 a rana don rigakafi, musamman ga masu juna biyu, masu shayarwa, masu ciwon suga, masu HIV, masu ciwon ƙoda, waɗanda suka rame sosai, da masu shan giya. Idan zugin ya riga ya fara, likita yakan ƙara adadin. Kada a jira sai tafiya ta gagara, domin jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo daidai ba.

Idanuna sun yi rawaya. A gida an ce shawara ce, an jiƙa min magani.

Don Allah a ajiye jiƙon. Uku daga cikin magungunan huɗu, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid, suna iya taɓa hanta. Rawayar ido, amai da ba ya tsayawa, ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, ƙin abinci da ya dawo bayan ya tafi, duk alamu ne na a dakatar da magani a tafi asibiti a ranar. Hantar da take fama ba ta buƙatar a ƙara mata sassaƙe da saiwar da ba a san ƙarfinsu ba. Rawayar ido kuma tana iya zuwa daga fashewar jajayen ƙwayoyin jini, kuma gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Idan hanta ta farfaɗo, likitoci sukan dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Wannan aikin asibiti ne, ba a yin sa a gida. Mai ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasashenmu, ya faɗa tun ranar farko don a riƙa gwada shi akai-akai. Giya kuwa babu ita sam har a gama.

Zazzaɓi ya dawo, maƙogwarona yana ciwo, bakina ya yi gyambo.

Yana iya zama maleriya ko mura, amma a ƙirga fararen ƙwayoyin jini. Jefi-jefi maganin tari yana rage su, jiki ya rasa masu tsaronsa. Wani lokaci kuma cutar ce da kanta ta shiga ɓargo, sai jajaye da farare da filatilet duk su sauka tare. Na farko yana buƙatar canza magani, na biyu yana buƙatar a dage da shi, don haka ba abin da za a yanke da ka ba ne. Idan maleriya ce, a gaya wa mai rubuta magani cewa ana shan rifamfisin, saboda yana rage ƙarfin wasu magungunan maleriya irin su Coartem.

Ɗan'uwana yana da tarin da ba ya jin magani. Me ya sa ake ta ɗibar jininsa?

Saboda linezolid. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata 6 ga mafi yawan masu irin wannan tari, mai haɗa bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin. Babban sauƙi ne idan aka tuna da can ana yin wata 18 zuwa sama, har da allurai masu kurumtar da mutum. Sai dai linezolid yana danne ɓargo kai tsaye, kuma ga shi ƙarancin jini ba baƙon abu ba ne, musamman a watanni biyu na farko. Shi ya sa ake ƙirga jini kafin a fara, a riƙa maimaitawa a kusa-kusa da farko, sannan wata-wata. Idan haimogulobin ya faɗi ƙasa da 8, likita yakan rage maganin ko ya ɗan dakatar da shi, wani lokaci a yi ƙarin jini.

Ku da kuke gida ku lura da haki idan ya ɗan yi tafiya, bugun zuciya da sauri, jiri, da fari a tafin hannu ko cikin ido. Linezolid yana kuma taɓa jijiyoyin ƙafa da na gani. Idan an rubuta masa ƙwayar ƙarfe ko maganin gyambon ciki na ruwa, a raba lokacinsu da na moksifuloksasin da sa'o'i, yadda likita ya tsara, domin suna riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini.

Ina shan maganin HIV. Haɗa su ba zai gama da jinina ba?

Ana haɗa su, kuma haɗawar ce take ceton rai. Abin lura shi ne zidobudin, ɗaya daga cikin magungunan HIV, yana rage jini, Septrin ma yakan yi hakan ga wasu, don haka mai ƙarancin jini ya tabbatar likita ya san duk abin da yake sha. Mai shan dolutegirabir kuma, shi ma maganin HIV ne, ana ƙara masa ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 bayan sa'a 12, saboda rifamfisin yana sa hanta ta narkar da shi da wuri. Ana ci gaba da wannan ƙarin har mako biyu bayan gama maganin tari.

Yarona yana da amosanin jini.

Zai sha maganin tari kamar kowa, amma da sa ido na musamman. A san adadin jininsa na yau da kullum kafin a fara, domin nasa dama a ƙasa yake, kuma da shi za a riƙa auna ko ya faɗi. Rawayar idonsa ma za ta iya ruɗar da mutane, don haka duk ƙaruwarta a gwada hanta. Ya ci gaba da folik asid. Kada a ba shi ƙwayar ƙarfe ba da gwaji ba, musamman idan an sha yi masa ƙarin jini. Idan yana shan maganin sikila na haidiroksiyuriya, likitan sikila da na tari su san da juna.

Ina da ciki. Wata kuma tana tazarar haihuwa.

Hajiya, magungunan nan huɗu ana ba masu ciki, kuma tarin da ba a magance ba ya fi su haɗari gare ki da jaririn nesa ba kusa ba. Ki riƙa shan B6, ki ci gaba da zuwa awo. Ki haihu a asibiti, ki gaya wa ungozoma kina kan rifamfisin don a tabbatar an yi wa jariri allurar bitamin K, wadda take kare shi daga zubar jini. Shayarwa ba ta tsayawa.

Mai tazara kuma ta sani rifamfisin yana karya ƙarfin ƙwayoyin sha da ashanar da ake sawa a hannu. Robar mahaifa ba ruwanta da shi. A je a sake shawara da ma'aikaciyar lafiya tun makon farko.

Ƙafata ɗaya ta kumbura tana ciwo.

Tarin fuka yana sa jini saurin daskarewa, ga kuma doguwar kwanciya. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi na iya zama gudan jini a jijiya, wanda zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Kada a murza ta, kada a kai wa mai ɗori. Wanda dama yake shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, ya faɗa tun farko, domin rifamfisin yana rage aikinsa ƙwarai, kuma dole a sake daidaita shi sau biyu: lokacin da aka fara maganin tari da lokacin da aka gama.

Gwiwoyina suna ciwo. Zan iya shan maganin ciwon jiki, ko in yi ƙaho?

Ciwon gaɓoɓi daga firazinamid ne, kuma yakan tafi bayan wata biyun farko idan an cire shi. A tambayi ma'aikacin lafiya abin da za a sha. Asfirin, ibufurofen da dikilofenak suna ƙara zubar jini ga wanda filatilet ɗinsa suka yi ƙasa, farasitamol kuma idan ya yi yawa nauyi ne a kan hanta. Ƙaho da tsaga a bar su har a gama jinya: mai ƙarancin jini ba shi da wanda zai zubar. Cire haƙori ma a fara gaya wa likitan haƙorin.

Tunda muna kan abin da ba na jini ba, duk wanda ganinsa ya fara dushewa, ko ya kasa raba ja da kore, ya dakatar da magani ya je asibiti. Wannan aikin etambutol ne, kuma idan an kama shi da wuri gani yakan dawo.

Zan iya yin azumi?

Sau ɗaya ake shan maganin a rana, don haka ana iya mayar da shi kamar sa'a ɗaya kafin sahur, ko da dare sa'a biyu bayan cin abinci, idan an yi shawara da ma'aikacin DOTS. Amma mai ƙarancin jini sosai, ko wanda ya rame, ko wanda hantarsa ta taɓu, musamman a wata biyun farko, ya karɓi rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya, ya rama bayan ya samu sauƙi.

Yaushe zan iya ba da gudummawar jini?

Ba a lokacin jinya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira shekara 2 bayan an tabbatar da warkewa. Idan ɗan'uwa yana buƙatar jini a wannan tsakani, a nemi wani daga cikin dangi, kuma a faɗa wa ma'aikatan ɗakin jini gaskiyar dalili.